Daɓen Ado a Ɗakin Matattu: Abin da Ya Sa Rumawa Suka Shimfiɗa Mozayik a Kaburburansu

A kusa da inda kogin Tiber ke faɗawa teku, ba nisa da filin jirgin saman Fiumicino na birnin Rum, akwai wata tsohuwar maƙabarta da ake kira Isola Sacra. Rairayi ya binne ta tsawon ƙarnoni, sai a shekarun 1920 da 1930 wani masanin tonon kayan tarihi ɗan Italiya, Guido Calza, ya fito da ita fili. Abin da ya bayyana unguwa ce sosai: ɗakunan jan bulo fiye da ɗari a jere a gefen titi, kowanne da ƙofarsa da 'yan ƙananan tagogi, ga allon dutse a saman ƙofa ɗauke da sunan mai shi, sau da yawa har da tsawo da faɗin filin da ya saya. Yawancinsu an gina su ne a ƙarni na 2 da na 3 Miladiyya. Da dama daga cikinsu an yi musu daɓen mozayik, wato daɓen da ake jera ƙananan duwatsu masu kusurwa huɗu, ɗaya bayan ɗaya, har su ba da zane ko hoto.

To don wa aka sha wannan wahala? Mamaci dai ba ya taka daɓe, ba ya kuma ganinsa. A ɗakunan farko ma ba gawa ce kwance ba, toka ce a cikin tukwane da aka ajiye a 'yan gurabun da aka fafe a jikin bango, domin ƙona gawa ita ce al'adar Rumawa a lokacin. Amsar tana wajen masu rai. Kabari a wurin Rumawa ɗaki ne da ake buɗewa a shiga, a zauna, a ci a sha, kuma ana yin haka shekara da shekaru.

Tun wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsoffin dokokin birnin Rum da aka rubuta a alluna goma sha biyu suka hana binne gawa ko ƙona ta a cikin gari. Sai maƙabartu suka koma bakin manyan hanyoyin da ke fita daga birane, inda duk mai shiga da mai fita zai gan su. Wannan ya sa kabari ya zama abin nunawa. Ga kuma kalandar da ke mayar da iyali wurin a kai a kai. Akwai cin abinci a bakin kabari ranar jana'iza, akwai wani ranar kwana tara. Daga 13 zuwa 21 ga Fabrairu kowace shekara ana bikin tunawa da iyaye da kakanni mai suna Parentalia, inda ake rufe wuraren bauta, a dakatar da ɗaurin aure, iyalai su fita maƙabarta. A watannin Mayu da Yuni akwai ranakun kai furanni. Sannan ga ranar haihuwar mamacin kansa. Mawaƙinsu Ovid ya ce matattu ba su da tsadar buƙata: 'yar tsabar hatsi, ɗan gishiri, burodin da aka jiƙa a giyar inabi da 'yan furanni sun ishe su.

Ginin ma ya nuna haka. A gaban ɗakuna da yawa na Isola Sacra akwai dakali biyu a fuskantar juna, an gina su a ɗan karkace saboda masu cin abinci su kishingiɗa, yadda Rumawa ke yi a wajen walima. An samu rijiyoyi da tanderu a wurin. Talakan da bai da halin gina ɗaki kuwa, a tsakanin gine-ginen masu hali ake binne shi, a kafa wuyan tulu a saman kabarin ya leƙo waje, don 'yan uwa su riƙa zuba masa abin sha ta nan. Masu ɗaki ba a bar su a baya ba. A wasu hubbarorin da ke ƙarƙashin majami'ar Saint Peter a Batikan, an bar ramuka a jikin daɓen da gangan, suna sauka zuwa inda tokar take. Wato daɓen nan shi ne mahaɗar ɓangarorin biyu: masu rai suna zaune a kansa, rabon mamaci yana bi ta cikinsa. Daɓen da za a riƙa zubar wa da giya da mai da miya kuma dole ya zama mai wankuwa. Kafin a kai ga maganar ma'anar hotuna, wannan dalili na yau da kullum ya isa ya sa mai hali ya kira magini.

Su wane ne masu halin? Ba sarakuna ba ne, ba kuma 'yan majalisar dattawa ba. Isola Sacra maƙabartar mutanen Portus ce, tashar jiragen ruwan da Sarki Claudius ya fara ginawa a shekara ta 42, Sarki Trajan ya faɗaɗa ta a farkon ƙarni na 2 da wani babban tafki mai kusurwa shida. Ta nan alkamar Masar da ta Arewacin Afirka ke shigowa don ciyar da birnin Rum. Mazauna wurin 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, kuma da yawansu 'yantattun bayi ne ko 'ya'yansu. A jikin wani ɗaki akwai hoton yumɓu na wata ungozoma, Scribonia Attice, tana karɓar haihuwa, ga na mijinta likita yana duba ƙafar majinyaci. A wani kuma maƙeri ne da kayan aikinsa. Mutumin da aka haifa bawa ba shi da kakannin da zai yi tinƙaho da su, doka ma ba ta san shi da uba ba. In ya samu 'yanci ya tara abin hannu, kabarin da ya gina shi ne tushen gidan da yake son kafawa. Shi ya sa allunan ƙofa suke maimaita magana ɗaya: wane ya gina wannan don kansa da iyalinsa da bayinsa maza da mata da ya 'yanta da zuriyarsu.

Aikin kansa yana da nauyi, amma ba shi da tsadar da mutum zai zata. Masanin gine-ginensu Vitruvius, wanda ya yi zamani da Sarki Augustus, ya bayyana yadda ake yi. A fara shimfiɗa duwatsu masu girman cika hannu. A bi su da ɓaraguzai da aka kwaɓa da farar ƙasa, kashi uku da ɗaya, a sa ƙarti su yi ta duka da itace har ya zauna. Wanda ya taɓa ganin mata sun taru da madaɓi suna buga daɓen ɗakin amarya ya san irin wannan aiki, sai dai a nan farar ƙasa ce ke riƙe daɓen maimakon makuba. Sannan a zuba wani kwaɓin mai laushi na dakakken bulo. A saman wannan ne mai zane zai shafa ɗan siririn kwaɓi daidai inda zai iya gamawa kafin ya bushe, ya riƙa dasa duwatsun. In an gama a cike tsakaninsu, a goge da dutse har ya yi sumul. A aikace magina ba kullum suke cika wannan ƙa'ida ba, musamman a ƙaramin ɗaki. Amma ko an rage kaurin ƙasa, ba a rage jerin sama: in kowane dutse ya kai santimita ɗaya, murabba'in mita guda zai ci wajen 10,000. Ƙaramin ɗaki mai murabba'in mita 6 ke nan ya lashe 60,000, kuma kowanne da hannu aka fasa shi, da hannu aka dasa.

Nawa ake biyan mai wannan haƙuri? Dokar ƙayyade farashi da Sarki Diocletian ya fitar a shekara ta 301 ta ba mu abin aunawa. Mai daɓen mozayik dinari 50 a rana tare da abinci, daidai da kafinta da mai gashin burodi. Mai yin mozayik a bango ko rufi 60. Mai fentin bango 75, mai zana hotunan mutane 150. Ɗan ƙodagon gona kuwa 25. Ashe abin da yau ake killacewa da igiya a gidajen tarihi, a wancan lokaci aikin magini ne kamar kowane, kuma galibin masu yinsa ba su bar ko sunansu ba. Wannan ne ya sa maƙeri da ungozoma suka iya shiga sahun masu gina irin waɗannan ɗakuna. A Italiya kuma an ƙara sauƙaƙa abin, domin tun daga ƙarni na 1 yayin baƙi da fari ya mamaye ƙasar: baƙin dutsen aman wuta da farin dutse, dukkansu a kusa ake samunsu, ba sai an nemo launuka daga nesa ba.

Inda masana suka daɗe suna ja-in-ja shi ne ma'anar hotunan. A ƙofar ɗaki mai lamba 43 a Isola Sacra akwai daɓe mai hoton jiragen ruwa biyu, ga hasumiyar fitilar Portus a tsakiyarsu, wuta na ci a samanta. An rubuta kalmomi biyu da Girkanci, ma'anarsu: nan ne ƙarshen wahala. Kowa ya gani zai ce rayuwa ce aka kwatanta da tafiyar teku, mutuwa kuma da isowa tasha. Haka ne, rubutun ya tabbatar. Amma a garin Ostia da ke maƙwabtaka, a bayan gidan wasan kwaikwayo, akwai wani fili da ofisoshin 'yan kasuwa suka kewaye, kuma a daɓen ƙofofinsu za ka ga jirage iri ɗaya da hasumiya iri ɗaya, har da sunayen masu jiragen birnin Carthage na ƙasar Tunisiya ta yau da giwar mutanen Sabratha ta ƙasar Libiya ta yau. A can babu wanda ke nufin lahira, talla ce kawai. Hoto ɗaya, masu sana'a ɗaya, ma'ana biyu. Da a ce rubutun ɗaki na 43 ya goge, da ba mu da hujjar cewa mai shi ya nufi wani abu da ya wuce sana'arsa ko garinsu.

A shekarar 1942 wani masani ɗan Beljiyam, Franz Cumont, ya fitar da babban nazari inda ya karanta kusan kowane hoton kabarin Rumawa a matsayin ishara ga makomar rai bayan mutuwa. Bayan shekara huɗu Arthur Darby Nock na jami'ar Harvard ya mayar masa da martani cewa an cika zurfafawa: yawancin masu saye ado suke so da abin da aka saba gani, ba falsafa ba. Ni dai a kan daɓe na fi karkata ga Nock, amma ba gaba ɗaya ba. Dalilina shi ne, mafi yawan daɓen kaburbura ba su da hoton komai sai zanen murabba'i da da'ira da reshen inabi mai lanƙwasa, irin wanda ke cikin gidaje da wuraren wanka. Sannan rubuce-rubucen kaburburan Rumawa ba su nuna mutanen da suka haɗu a kan aƙida ɗaya game da lahira ba. Wasu suna roƙa wa mamaci ƙasa ta yi masa sauƙi, wasu kuwa sun rubuta ƙarara: da ban kasance ba, na kasance, yanzu ba ni, ban damu ba. Wannan magana ta yaɗu har ana taƙaita ta da haruffan farko kawai.

Sai dai akwai hotunan da zaɓensu ba zai zama katsaham ba. Maƙabartar da ke ƙarƙashin majami'ar Saint Peter ta tsira ne saboda Sarki Constantine, da zai gina majami'ar a shekarun 320, ya sa aka sare rufin hubbarorin aka cike su da ƙasa. An tono su tsakanin 1940 da 1949 a zamanin Paparoma Pius na 12. A ɗaya daga cikinsu, na tsakiyar ƙarni na 2, daɓen baƙi da fari ya nuna Pluto, wanda suke ɗauka sarkin ƙasar matattu, a kan keken dawakai huɗu ya sungumi budurwa Persephone, Mercury mai rakiyar rayuka yana gaba. Labarin yarinya ce da aka fizge tana tsinkar furanni, uwarta ta yi ta nema har aka yarje mata ta riƙa dawowa wani ɓangare na shekara. Iyayen da suka rasa 'ya ba sa buƙatar malami ya fassara musu wannan. Kuma zaɓin ya girmi daular Rum: a 2014, a babban kabarin Amphipolis da ke arewacin Girka, an tono daɓen tsakuwar rafi mai wannan labari, wanda aka yi tun ƙarshen ƙarni na 4 kafin Miladiyya. A wani ɓangaren Batikan kuma, inda aka ci karo da kaburbura a 2003 ana tonon wurin ajiye motoci, daɓen ya nuna Dionysus abin bautar mashaya ya bugu ana tallafe da shi, yara masu fukafukai na tsinkar inabi. Aljannarsu ce ake nufi, ko kuwa hoto ne da ya dace da ɗakin da ake zuwa shan giya? Ina ganin mai ɗakin ba zai ga dalilin raba biyun ba.

Ana cikin haka sai al'ada ta juya. A cikin ƙarni na 2, daga zamanin Sarki Hadrian zuwa gaba, Rumawa suka fara barin ƙona gawa suna binne ta ɗungurungum, kuma kafin tsakiyar ƙarni na 3 binnewa ta zama ruwan dare. Wannan sauyi ya riga ƙarfin Kiristanci, don haka ba shi ya kawo shi ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne wuri. Ɗakin da zai ɗauki tukwanen toka masu yawa a bango, gawa kaɗan zai ɗauka. Sababbin ɗakuna sai aka riƙa yi musu gurabu masu tsawon mutum a ƙasan bango. Tsofaffin kuwa, ina za a sa mutane? Sai aka koma wa daɓe. A Isola Sacra da sauran maƙabartu an fasa mozayik an haƙa ramuka a ƙarƙashinsa, wani lokaci hawa-hawa, ana raba gawa da gawa da faffaɗan bulo. In an rufe, a toshe gurbin da guntun mabul ko a yi facin da bai dace da zanen farko ba. Jikokin da suka gaji ɗakin ba su ji nauyin fasa abin da kakansu ya biya kuɗi aka yi ba, buƙatar wurin kwanciya ta fi ƙarfin ado. Ga mai bincike, waɗannan faci sun fi daɓe lafiyayye ba da labari, domin su ne ke nuna tsawon lokacin da aka yi ana amfani da ɗakin da yadda ya riƙa sauya hannu.

Daga nan mataki ɗaya ya rage: maimakon a yi daɓe a zo a fasa shi, me zai hana kowane kabari a yi masa nasa mozayik a matsayin murfi? Wannan dabara ta fi bunƙasa a Arewacin Afirka, a ƙasashen da yau suke Tunisiya da Aljeriya. Yankin ya yi arziki da alkama da man zaitun, yana da duwatsu masu launi iri-iri, kuma magininsa sun shahara da mozayik mai launuka, ba baƙi da fari ba. Tun kafin Kiristanci ya yi rinjaye an fara. Daga garin Thina kusa da Sfax an samu mozayik ɗin kaburbura da ke nuna mamata a kishingiɗe suna walima a cikin furanni. Amma daga ƙarni na 4 zuwa na 6 ne abin ya zama yayi, kuma Kiristoci ne suka riƙe shi. An samu ɗaruruwa a Tabarka da Kelibia da Sousse da Lamta da Sfax da Tipasa.

Kiristocin Afirka ba su bar cin abinci a maƙabarta ba. A Tipasa da ke gaɓar tekun Aljeriya an samu teburan gini a kan kaburbura, an kewaye su da wurin kishingiɗa. Ɗaya daga cikinsu, na ƙarshen ƙarni na 4, an lulluɓe shi da mozayik mai hoton kifaye, da rubutun Latin da ke roƙon salama da haɗin kai su tabbata a wannan walima tasu. Shugabannin coci ba su ji daɗin abin ba, don sau da yawa yakan ƙare da maye. Augustine, bishop ɗin Hippo, wato Annaba ta yau, ya ba da labarin mahaifiyarsa Monica: da ta je Milan ta ɗauki kwandonta na fate da burodi da giya zuwa kaburburan shahidai kamar yadda ta saba a gida, sai mai gadi ya tare ta, ya ce Bishop Ambrose ya hana. Shi kansa Augustine ya rubuta wa bishop ɗin Carthage wasiƙa a wajen 392 yana neman a kawo ƙarshen shaye-shaye a maƙabartu. Daga baya, da wani abokinsa ya tambaye shi ko binne mutum kusa da kabarin waliyyi na amfanar mamacin, ya amsa cewa hidimar jana'iza ta fi zama lallashi ga masu rai a kan taimako ga matattu.

Jama'a dai ba su fasa neman kusanci da shahidai ba, kuma wannan ne ya shigar da kaburbura cikin majami'u. A wata ƙaramar majami'a a Tabarka, daɓen kusan gaba ɗaya ya zama jerin murafan kaburbura, wannan na gogar wancan, wani ma an ɗora shi a kan na baya. Tsarin kusan ɗaya ne: tsawon mutum, a wajen kai alamar Almasihu a cikin kambin ganye, sai suna, da kalmomin "cikin salama", da shekarun da ya yi, wani lokaci har watanni da kwanaki, da ranar binnewa. A ƙasa mamacin a tsaye ya ɗaga hannuwa yana addu'a tsakanin kyandira biyu, ko kurciyoyi da furanni. Hotunan ba su da ƙwarewar na gidajen attajirai, idanu manya, jiki a sandare, amma a nan ne ake ganin mata da ƙananan yara da ƙananan ma'aikatan coci da sunayensu. Mafi shahara shi ne na wata mata Valentia, wanda ke gidan tarihi na Bardo a Tunis. Maimakon hotonta, an zana majami'a sukutum, da matakala da ginshiƙai da rufi, an rubuta "Coci Uwa" a kai. Masu nazarin gine-gine na ji da shi, domin yana cikin 'yan hotunan da suka nuna yadda majami'ar Afirka ta wancan zamani take tun tana tsaye.

Lura da abin da ya sauya. A Isola Sacra iyali ne ke da mabuɗi, su kaɗai ke ganin daɓen. A Tabarka duk wanda ya zo ibada zai taka sunan mamaci, ya karanta, watakila ya yi masa addu'a. Takawar ma ita ake nema. Hukuma kuwa abin ya dame ta ta wani gefen: a shekara ta 427 Sarki Theodosius na 2 ya fitar da dokar hana zana alamar gicciye a ƙasa inda ƙafa za ta taka. Bayan shekara biyu Vandal, wata ƙabilar mayaƙa daga Turai, suka ƙetaro Afirka, suka ci Carthage a 439, Rumawan Gabas suka ƙwace ta a 533, kuma duk tsawon wannan lokaci magina ba su daina sa gicciye a murafan kaburbura ba. Yayin ya ma ƙetare teku. A Tarragona ta ƙasar Sifaniya, inda aka gano wata maƙabarta a 1923 ana tonon harsashin masana'antar taba, an samu irinsu, ciki har da na wani Optimus sanye da farin mayafi riƙe da naɗaɗɗiyar takarda.

Can gabas kuma wani salo ne daban. Birnin Edessa, wato Şanlıurfa ta kudancin Turkiyya a yau, ƙaramar masarauta ce da ke ƙarƙashin inuwar Rum kafin Sarki Caracalla ya haɗiye ta a wajen 213. Attajiranta a jikin dutse suke sassaƙa kabari kamar kogo, a fafe wuraren kwanciya a bango uku, a shimfiɗa mozayik mai launi a tsakiya. Abin da suka fi so shi ne hoton iyali: maigida da wando da riga irin na Farisa, matarsa da doguwar hula mai lulluɓi, 'ya'ya a jere, kowa da sunansa a gefen kansa da rubutun Suryani. Sukan kira wurin "gidan dawwama", sukan kuma sa shekarar da aka yi aikin, abin da ba kasafai ake samu a Italiya ba. Akwai mai hoton tsuntsun almara da ke mutuwa ya sake tashi, na shekara ta 235 ko 236, akwai kuma masu hoton Orpheus, makaɗin da suke cewa namun daji na taruwa su saurare shi.

Waɗannan na Edessa su ne suka fi shan wuya a hannun mutanen zamaninmu. Wani masani ɗan Ingila, J. B. Segal, ya ɗauki bayanan da dama daga cikinsu a shekarun 1950. Ba a daɗe ba wasu suka lalace, wasu aka yanka su gunduwa-gunduwa suka ɓulla a kasuwar kayan tarihi. Cire mozayik ba wuya gare shi ba: a manna ƙyalle da gam a fuskarsa, a zura ƙarfe ta ƙasa, a ɗaga. Su kansu gidajen tarihi haka suka yi ta yi a ƙarni na 19 da na 20, suna kafa shi a kan siminti da rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga abin da aka ce ana ceto. Asarar da ta fi wannan ita ce ta muhalli. Da zarar an rataye murfin kabari a bango kamar hoto, an raba shi da ƙasusuwan da ke ƙarƙashinsa, da ramin zuba abin sha, da ƙofar da ke nuna ta wane gefe aka so a kalle shi. Shi ya sa masu adana kayan tarihi yanzu suka fi son a bar daɓe inda yake, in babu halin kula da shi a sake rufe shi da yashi.

Mozayik ɗin Orpheus mafi tsufa daga Edessa yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 194 Miladiyya, da sunan mai kabarin, Papa ɗan Papa, wanda ya ce ya yi wurin ne don kansa da 'ya'yansa da magadansa. Ɓarayi suka ɓamɓare shi, ya bi ta hannun dillalai har ya kai kasuwar gwanjo ta Christie's a New York, inda gidan adana zane-zane na birnin Dallas a Amurka ya saye shi a 1999. Daga baya hukumomin Turkiyya suka gabatar da hotunan da aka ɗauka tun yana shimfiɗe a cikin kogonsa, hujjar da ba ta bar wurin musu ba. A watan Disamba na 2012 Dallas ta mayar da shi, kuma yanzu yana gidan adana mozayik na Şanlıurfa.